Gonar iska: ina kuɗi ke shiga, ina riba ke fita?

A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu a takarda da wani kamfanin Ingila mai suna Savannah Energy, don a kafa gonar iska a Tarka, cikin jihar Tawa. An ce injuna za su iya kai 60. Tun daga ranar nan mutane ke tambaya: mece ce gonar iska? In iska kyauta ce, me ya hana a cika ƙasar nan da injuna mu huta da duhu?

Gonar iska ba shuka ake yi cikinta ba. Fili ne da ake kakkafa dogayen turakun ƙarfe. A kan kowane turke akwai fanka mai fiffike uku. Iska ta tura fiffiken, fanka ta juya, injin da ke bayanta ya ba da wutar lantarki, wadda muke ce ma kuran. Ba gazuwal, ba gawayi, ba hayaƙi.

Gaskiya ne, ba a sayen iska. Amma a dubi mai rijiya. Ruwan ƙasa na Allah ne, duk da haka sai ya biya magina da siminti da guga kafin ya sha. Haka gonar iska take, sai dai ita kusan dukan kuɗinta ana zuba su ne tun ba ta ba da wutar ƙwai ɗaya ba. A ƙasar Senegal, a Taiba Ndiaye, an buɗe gonar iska a Fabrairu 2020. Injuna 46 ne, kowane turke mita 117, fiffike ɗaya ya fi mita 60. Aikin ya ci wajen miliyar 200 na sefa. Yawancin irin kuɗin nan bashin banki ne, kuma bashi yana da ruwa. Injin yana aiki shekara 20 zuwa 25. Cikin waɗannan shekaru ne za a biya bashi, a yi gyara, a fidda riba. Shi ya sa mai kuɗi ba ya haƙa rami ko ɗaya sai ya riƙe takardar wanda zai sayi wutar. A Senegal kamfanin kuran na ƙasa ya ɗauki alkawarin saye har shekara 20. Da a nan ne, Nigelec ce mai sayen.

Abu na farko da ake dubawa shi ne iskar kanta. A nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta ba sau biyu yake ninkawa ba, sau takwas ne. Ke nan tudun da iska ta ɗan fi ƙarfi ya fi kwarin da ke kusa da shi nesa ba kusa ba. Don haka ake kafa siririn ƙarfe mai tsawo da ma'auni a kansa, a yi shekara guda cur ana rubutawa, wani lokaci fiye. Ku kun san dalili. Da hunturu iska na kaɗawa har ta hana sussuka daɗi. Da kaka kuwa akan yi kwanaki ganye bai motsa ba. Ranar da iska ta kwanta, injin ya tsaya, amma asibiti da injin niƙa ba su tsaya ba. Dole a ajiye wata hanyar samun wuta a gefe, ita ma da kuɗinta. Kuma guguwar farkon damina ba riba ba ce: in iska ta kai mita 25 cikin daƙiƙa, injin tsayar da kansa yake yi don kada ya karye. Ga ƙura da zafi, masu cin ƙarfe da mai.

Sai hanya. Fiffiken mita 60 ba a lanƙwasa shi, ba a yanka shi. Taiba Ndiaye tana kusa da tashar jirgin ruwa ta Dakar. Mu kuwa ba mu da teku. Daga bakin teku zuwa Tawa ya fi kilomita 1000, kuma kowace kwana da kowace gada sai an auna ko doguwar mota za ta wuce.

Wayar da za ta kwashi wutar ita ce ta fi ba mutane kunya. A ƙasar Kenya, kusa da tafkin Turkana, an kafa injuna 365. Sai da aka gyara hanya wajen kilomita 200 kafin kaya su isa. An gama kafa injuna a 2017, amma wayar da za ta kai wutar birni, mai tsawon fiye da kilomita 400, ba ta ƙare ba sai Satumba 2018. Injuna na tsaye, iska na wucewa banza. Tun da takarda ta ce laifin jinkirin waya na gwamnati ne, sai da ƙasar ta biya kuɗin wutar da ba wanda ya kunna. Talaka mai biyan kuɗin kuran ya ɗauki rabonsa na nauyin.

Ba sai mun je nesa ba ma. Mutanen Maraɗi masu zuwa Katsina sun san Lambar Rimi, inda aka tsara injuna 37. A Disamba 2012 ƴan bindiga suka sace injiniya Bafaranshe da ke aikin. Allah ya kuɓutar da shi bayan wata 11, amma aikin ya tsaya, aka yi ta ɗage ranar buɗewa shekara bayan shekara. Ƙarfe na ajiye cikin rana, kuɗi na kwance. Inda babu kwanciyar hankali, banki yakan ƙara ruwan bashi, wuta ta ƙara tsada.

To, me ya sa ake ta magana duk da wannan wahala? Kun tuna Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana. A lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗinmu daga can yake zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana duhu. Wutar da aka samu daga iskar ƙasarmu, ba mai rufe ta daga ƙetare.

Yanzu ga abin da ya fi shafar ku: ƙasa. Gindin turke ba ya cin fili da yawa. Ana noma gero da wake kewaye da shi, bisashe na kiwo a ƙarƙashinsa. Amma hanyoyin manyan motoci da layin waya suna ratsa gonaki, ana sare itatuwa. A Kenya makiyaya sun kai ƙara, kuma a 2021 kotu ta ce ba a bi doka ba wajen ba da filin, wajen hekta 60,000. Shekaru suka yi suna shari'a a kan abin da ya kamata a daidaita tun farko.

Saboda haka in kun ga baƙi da ma'auni a gonakinku, kada ku kore su, kada kuma ku dangwala hannu a takardar da ba ku karanta ba. Kun yi yaƙi da jahilci, ku karanta da kanku. Ku kira mai gari da kwamitin ƙasa na COFO. Ku tambaya: sayen fili ne ko haya? In haya ce, shekara nawa, kuma nawa a shekara? Nawa za a biya gawo ko mangwaron da aka sare? Burtali da hanyar mashaya za su tsaya buɗe? Samari nawa za a ɗauka, kuma har yaushe? Lokacin gini ana ɗaukar ɗaruruwa, amma in an gama, kaɗan ke saura.

Tambaya ta ƙarshe, kada ku manta da ita. Wutar gonar iska babbar waya take bi ta tafi birni. Ba a jan ta kai tsaye zuwa ɗaki, sai an sa taransifoma da ƙaramar waya. In ba a rubuta cikin takarda cewa za a sa ma ƙauyenku ba, ku ce a rubuta, da sunan ƙauyen da shekarar da za a yi.