Ciwon ɓarin kai: Gadon iyaye da tarkon maganin kashe zafi

A ofisoshi da dama na Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, da wuya a buɗe durowar ma'aikaci ba a tarar da katin farasitamol ba. Wanda ya baro Mararaba ko Kubwa tun asubar fari, ya sha cunkoso, ya wuni yana kallon kwamfuta, da kansa ya fara sarawa sai ya haɗiye ƙwaya biyu ya ci gaba da aiki. Ga mai ciwon ɓarin kai, wannan ɗabi'a kan zama gudun gara faɗa wa zago.

Ciwon ɓarin kai ya bambanta da ciwon kan gajiya. Yakan kama ɓari guda yana bugawa, ya zo da tashin zuciya da ƙin haske da ƙara, kuma mata sun fi maza fama da shi kusan ninki uku. Likitoci na ɗaukarsa a matsayin mai naci idan kai ya yi ciwo kwana 15 ko fiye a wata, fiye da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki da alamun ciwon ɓarin kai.

Gado na da hannu. Nazari a kan tagwaye ya nuna cewa ƙwayoyin halitta na ɗauke da babban kaso na haɗarin kamuwa. Wani bincike da mujallar Nature Genetics ta wallafa a 2022 ya gano wurare 123 a ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke da alaƙa da ciwon, wasu a jijiyoyin jini, wasu a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kowannensu tasirinsa kaɗan ne. Taruwarsu ce ke sa ƙwaƙwalwar wani ta fi saurin harzuƙa da rashin barci, yunwa ko damuwa. Sai dai waɗanda aka yi binciken a kansu 'yan asalin Turai ne.

Tarkon yana nan: mai irin wannan ƙwaƙwalwa shi ne ya fi faɗawa ciwon kan da magani ke haifarwa. Shan farasitamol, asfirin ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko tiramadol, kodin da ƙwayoyin da aka haɗa da sinadarin kafin kwana 10 a wata, fiye da wata uku, kan mayar da ciwon na kullum. Da maganin ya saki, ciwo ya dawo, sai a ƙara wani.

Mafita ta fara daga ƙirga. Mai ciwon ya riƙa rubuta ranakun ciwo da ranakun shan magani, ya tambayi iyaye da 'yan uwa ko akwai mai irinsa, sannan ya kai wa likita wannan lissafi. Akwai magungunan rigakafi irin su propranolol da amitriptyline da likita ke rubutawa. Kwanakin farko na rage ƙwaya kan yi tsanani kafin sauƙi ya zo, kuma mai shan tiramadol kada ya daina farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba.