Wace Makaranta Zan Nema? Tambayar Matasan Argungu

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, hankalin matasan Argungu ya koma kan jarrabawa. Da yawansu sai sun zauna gaban mai kwamfuta suke yanke shawarar makarantar da za su zaɓa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana nan cikin gari. Ɗalibi zai kwana gidansu, ya ci tuwon gida, ranar da babu darasi ya leƙa fadamar shinkafa. Ga yarinyar da iyayenta ba sa son ta yi nisa, sau da yawa ita ce ƙofar da ke buɗe. A Birnin Kebbi akwai kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, ga kuma jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Aliero na da jami'ar jiha tun 2006. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ta girme su, kuma samun gurbin likitanci a can sai mai maki sosai.

Ni dai abin da nake gaya wa ƙannena shi ne su fara lissafin wurin kwana. Wanda bai samu gado a makaranta ba, haya ce a gari, ga kuɗin kabu-kabu kullum, ga ruwa, ga gawayi. Zafin watan Afrilu kuwa, a ɗakin da mutum shida ke kwana ba wuta, yakan hana karatu gaba ɗaya. Sannan su nemi ɗalibin da ke makarantar da suke so, su tambaye shi ko hukumar da ke kula da irin wannan makaranta (NUC idan jami'a ce) ta amince da kwas ɗin, da kuma yawan malaman sashen.