Labarin da ya zo ba isnadi

Da asubahin wata rana a farkon watan Agustan 2014, wayoyi suka yi ta ƙara a gidajen Najeriya. Uwa na kiran ɗanta, wa na kiran ƙanensa, saƙon kuwa ɗaya ne: a yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin gari ya waye, a kuma kurɓa, don tsira daga Ebola. Cutar ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli tare da Patrick Sawyer daga Laberiya, kuma har aka shawo kanta a watan Oktoba ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. Mutum 20 ta kama, 8 suka rasu. Gishirin kuwa ya kai inda cutar ba ta taka ba, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama suka kwana a asibiti. Cikin masu kiran nan babu mai mugun nufi. Ƙauna ce ta ɗauki ƙaryar ta raba ta gida-gida.

Akan ɗora laifin irin wannan a kan jahilci, amma bayanin bai gamsar ba, domin masu digiri ma sun yi wankan. Asalin matsalar ita ce yadda muke auna labari: ba mu cika duba abin da aka faɗa ba, mun fi duba wanda ya kawo mana. Wannan ma'auni ya yi aiki a zamanin da mai kawo labari ya san wanda ya gaya masa, kuma in ƙarya ta tashi, a idon gari zai kunyata. WhatsApp ya yanke wannan igiya. Saƙon murya kan ratsa hannu ɗari kafin ya iso, sunan wanda ya fara yin sa ya ɓace a hanya, sai sunan kawu ko malamin unguwa da ya turo shi a ƙarshe. Mai karɓa yana jingina da mutuncin kawunsa, alhali kawun ma tsintar saƙon ya yi. Kamfanin ya gane haka, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya ƙara matse saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya. Wannan ya rage gudu, amma bai dawo da sunan da ya ɓace ba.

Har karin maganar nan ta gani ya kori ji ta fara rasa ƙarfinta. A rikicin Filato na watan Yunin 2018, hotuna da bidiyoyi masu tayar da hankali sun bazu a Facebook a matsayin abin da ke faruwa a yankin Gashish. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kwango-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sanda sun danganta waɗannan hotuna da ramuwar gayya da aka kai kan matafiya a kan hanya. Hoton na gaske ne, wuri da lokaci aka yi masa ƙage, kuma ido kaɗai ba ya iya gano wannan.

Abin da ya fi ciwo shi ne al'ummar nan ta gaji ma'aunin da ya dace tun kafin a san intanet. Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an bi isnadinsa: wa ya ji daga wa, sun yi zamani ɗaya, mai ruwayar yana da gaskiya da kiyayewa? Malaman hadisi sun san mutumin kirki yana iya ruwaito kuskure, don haka suka raba nagartar mutum da ingancin riƙonsa. Wannan rabewar ce muka rasa a waya. Mutumin da zai ƙi hadisi don an ce mai rauni ne, shi ne zai tura maganin ciwon suga ga zauruka goma ba tare da ya tambayi likitan da ya faɗa ba. Tambayoyin ba su sauya ba: wa ya fara faɗa, yana wurin ko shi ma ji ya yi, yaushe aka ɗauki hoton, akwai wata kafa da ta samo labarin ta hanyarta daban? Kafafe goma da suka kwafo daga shafi ɗaya, shaida ɗaya ce.

Wani zai ce, to ai hukuma ma tana ƙarya, wa za a amince wa? Ƙorafin na da tushe. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma sai a 2004 aka koma yi. Sai dai isnadi bai ce a gaskata hukuma ba, cewa ya yi a san mai magana. Sanarwar hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC tana da suna da kwanan wata, ana iya riƙe ta a ƙaryata ta gobe. Muryar da ba a san mai ita ba, ba wanda za a tuhuma. Masu neman a maganta abin da doka kuwa su tuna rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda bai taɓa zaurukan WhatsApp ba, inda jita-jitar ta fi kwana.

Gibin da ya rage na harshe ne. Kafafen tantance labari irin su Africa Check da aka kafa a 2012 da Dubawa da ta fara a 2018 suna aiki, wasu har da Hausa. Amma ƙarya tana yawo da murya, gyaranta kuma yana zuwa a rubuce, sau da yawa da Turanci, bayan kwana biyu. Matar da ke sauraron saƙo tana tuƙa tuwo ba za ta buɗe dogon rubutu ba. Gidajen rediyo da malamai masu wa'azi su ke da muryar da ke shiga ɗakinta, kuma su ne har yanzu ba a jawo su sosai cikin aikin tantancewa ba.