Kafin a ɗaura aure da mazaunin Ingila ko Amurka: sharaɗin kuɗin shiga da haƙƙin amarya

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Daga cikin matsalolin da suke yawan zuwa gaban malamai a 'yan shekarun nan akwai ta amaryar da aka ɗaura mata aure da mazaunin ƙasar waje, aka biya sadaki, aka kawo lefe, aka yi walima, amma shekara ta zagayo ba ta tare ba. Sau da yawa ba mugun nufi ne ya jawo hakan ba. Ango ne ya tarar cewa ƙasar da yake zaune ba za ta ba matarsa biza ba sai ya nuna shaidar samun wani adadi na kuɗi a shekara, kuma abin da yake samu bai kai ba. Ya kamata a san wannan adadi, a yi lissafinsa tun kafin a sa rana.

Abin da dokar Ingila ta tanada

Tun watan Yulin 2012 gwamnatin Birtaniya ta sanya sharaɗin cewa ɗan ƙasa, ko wanda ya sami izinin zama na dindindin, ba zai kawo matarsa ko mijinta daga waje ba sai yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. A ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000. Ma'aikaci mai albashi zai gabatar da takardun shaidar albashi na wata shida, da bayanan asusun bankinsa na wannan lokaci, da wasiƙar wurin aikinsa. Albashin da amarya take samu a Kano ko Yamai ba ya shiga lissafi a neman farko.

Wanda albashinsa ya gaza yana iya cikewa da kuɗin ajiya, amma da ƙa'ida: fam 16,000 na farko ba a ƙirga su, sannan a ninka giɓin sau biyu da rabi. Misali, mai samun fam 25,000 yana da giɓin fam 4,000, don haka sai ya nuna ajiyar fam 26,000. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai kuwa sai ya nuna fam 88,500. Dole kuɗin su shafe wata shida a hannunsa ko a hannun matar, kuma su zama mallakarsu. Kyauta daga iyaye ko dangi tana shiga, rance ba ya shiga. An sassauta wa masu karɓar wasu tallafin naƙasa da masu kula da naƙasassu, inda ake duba ko abin da suke samu zai ishe su rayuwa kawai.

Bayan wannan akwai kuɗin neman biza, da harajin kiwon lafiya da aka mayar fam 1,035 a kowace shekara tun Fabrairun 2024, da jarrabawar Turanci, da gwajin tarin fuka ga masu nema daga Najeriya. Ɗalibai su ma su lura: tun Janairun 2024 mafi yawan masu bizar karatu ba su da damar ɗaukar iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga Maris na 2024 aka hana sabbin masu bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya su ma. Haka nan dokar ba ta ba da biza ga mace ta biyu matuƙar ta farko tana can.

Tsarin Amurka da nauyin mai tsayawa

A Amurka mai ɗaukar nauyi yana cike takardar alƙawari da ake kira I-864, yana nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya take fitarwa duk shekara. A 2025, ga gida mai mutum biyu, adadin ya kama dala 26,437 a mafi yawan jihohi. Bambancinta da Ingila shi ne ta yarda wani ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin ya tsaya wa wanda samunsa ya gaza.

Wannan tsayawa ba alfarma ce ta fatar baki ba. Alƙawari ne da kotu take iya tilasta cika shi, kuma saki ba ya warware shi. Yana nan har sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar baki ɗaya, ko mutuwa ta raba. A fiƙihu wannan shi ne lamuni, kuma malamai sun kafa hujjar halaccinsa da aya ta 72 a Suratu Yusuf. Tsaya wa ɗan'uwa don ya haɗu da iyalinsa aikin lada ne, amma wanda ya sa hannu ya sani cewa abin da ya lamunce ya hau kansa.

Ma'aunin shari'a da ma'aunin hukuma

Musulunci ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da matsuguni. Sai dai ma'auninsa daban ne. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa kowa gwargwadon abin da Allah Ya hore masa, ba ta yanka adadi ɗaya ga mai wadata da mai ƙaramin ƙarfi ba. Saboda haka wanda ya kasa kai fam 29,000 bai zama miji mai gazawa a wurin Allah ba, kuma ba daidai ba ne dangin amarya su riƙa goranta masa. Ita kanta Kotun Ƙolin Birtaniya, a hukuncinta na Fabrairun 2017, ta amince cewa sharaɗin yana jefa iyalai cikin ƙunci, ko da yake ta bar shi a matsayin halastacce, ta kuma ce a riƙa duba maslahar yara.

Amma tsananin doka ba ya halasta ƙarya. Muna jin labarin masu sayen takardun albashi na jabu, da masu karɓar rance da ruwa su zuba a asusu su ce ajiyarsu ce. Wanda ya yi haka ya haɗa zunubai a wuri ɗaya: shaidar zur, da riba, da saɓa alƙawarin da ya ɗauka lokacin da ya karɓi izinin zama, alhali ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura. A duniya ma asarar ba ƙarama ba ce, domin idan hukumar Ingila ta gano yaudara tana iya hana mai nema shiga ƙasar har shekara goma. Mai nema kuwa a nan ita ce amarya. Shi ya ƙirƙiro takardar, ita ce za a rubuta sunanta.

Haƙƙin wadda take jira

A mazhabar Malikiyya ciyarwa tana wajaba da zarar an tare, ko aka kira miji ya ɗauki matarsa. Jinkirin biza ba ya sauke ta. Malamai sun kuma ba mace damar kai ƙara gaban alƙali idan ciyarwa ta yanke, ko dogon nisan miji ya cutar da ita, sai a aika masa ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya iyakance watannin da mayaƙa za su yi nesa da matansu. Idan jihadi bai zama uzurin barin mace ba iyaka ba, neman abinci ba zai zama ba.

Saboda haka muna kira ga waliyyai da su yi tambaya a fili tun lokacin neman aure: wace irin takardar zama gare shi, ta ba shi damar ɗaukar iyali, nawa yake samu, wata nawa ya yi a wurin aikinsa? Wannan ba kwaɗayi ba ne, yana cikin amanar da ke wuyan waliyyi. Idan samun bai kai ba, a zaɓi ɗaya da sanin yarinya da yardarta: ko a jinkirta ɗaurin auren, ko a ɗaura bisa sharaɗi bayyananne na inda za ta zauna, da abin da zai riƙa aiko mata, da lokutan da zai riƙa zuwa, da wa'adin da za a sake zama idan bizar ba ta fito ba. Dangi masu hali kuma su tuna cewa kuɗin da ake narkarwa a shagulgulan biki, da an ba ma'auratan kyauta ta gaskiya, da sun rage giɓin ajiya ta hanyar da doka da shari'a duk suka yarda da ita.

Ga samarinmu da ke can, hanyar halal tana da tsawo amma tana kaiwa: ƙarin aiki na halal da ake biyan harajinsa, adana kowace takardar albashi, duba adadin da ke aiki a shafin hukuma a ranar nema domin yana sauyawa, da neman shawarar lauya mai rajista maimakon dillalan biza. Wanda bai sami iko ba tukuna, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiryar da shi zuwa ga azumi a hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Allah Ya haɗa kowane miji da iyalinsa cikin halal, Ya yalwata arzikin masu nema, Ya ba masu jira haƙuri da mafita. Allah ne Mafi sani.