Naoya Hatakeyama

Naoya Hatakeyama (an haife shi a shekarar 1958) mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Japan. An san shi da hotunan duwatsu, koguna da birane, waɗanda ke nuna yadda ake cin dutse domin a gina birni.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a garin Rikuzentakata da ke gaɓar teku a lardin Iwate, arewa maso gabashin Japan. Ya yi karatu a Jami'ar Tsukuba a hannun Kiyoji Otsuji, ya kammala a shekarar 1984, sannan ya koma Tokyo da zama.

Ayyuka

Japan ba ta da arzikin ma'adinai sosai, amma tana da wadataccen dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin siminti. Daga shekarun 1980 Hatakeyama ya riƙa zagaya wuraren fasa wannan dutse da masana'antun siminti yana ɗaukar su hoto. A ganinsa, ramin da aka bari a jikin tsauni da benen da aka gina a Tokyo abu ɗaya ne: abin da aka cire can shi ne ya tsaya nan. Littafinsa Lime Works ya fito a 1996, ya kuma samu lambar yabo ta Kimura Ihei a 1997.

A jerin hotunan Blast, wanda ya fara a 1995, yakan girke kyamara kusa da inda za a tayar da nakiya, ya sarrafa ta daga nesa, ya kama duwatsu suna tarwatsewa a sama. A Underground kuwa, ya shiga magudanar da aka binne kogin Shibuya a cikinta, ƙarƙashin titunan Tokyo. Yana cikin waɗanda suka wakilci Japan a baje kolin fasaha na Venice a 2001.

Bala'in 2011

A ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta tsunami suka shafe mafi yawan Rikuzentakata. Mahaifiyarsa ta rasu, gidansu kuma ruwa ya tafi da shi. Hotunan da ya daɗe yana ɗauka a bakin kogin Kesen don kansa kawai sai suka zama shaidar garin da babu shi yanzu. Ya wallafa su a littafin Kesengawa a 2012, kuma ya ci gaba da komawa garin yana ɗaukar yadda ake sake gina shi.