Yadda A Ke Kusanto da Shafin Intanet ga Masu Karanta Shi

Ofisoshi da makarantu da 'yan kasuwa da yawa ba su ajiye shafinsu na intanet a ɗakinsu. Haya su ke yi a manyan gidajen kwamfutoci na kamfanoni, watau abin da a ke kira ajiyar gajimare. Gajimaren suna ne kawai, kwamfutocin kuwa a ƙasa su ke, waɗansu a jihar Bajiniya ta Amurka, waɗansu a Ailan, waɗansu a Afirka ta Kudu.

To, nisa yana da wahalarsa. Saƙo yana gudu cikin wayar gilashi kamar kilomita 200,000 a daƙiƙa guda, amma tsakanin Ikko da Bajiniya ya fi kilomita 8,000, ga shi kuwa shafi guda ya kan bukaci zuwa da komowa sau da yawa kafin ya gama buɗewa. Ran da jama'a suka taso gaba ɗaya kuma, kamar ranar fitowar sakamakon jarrabawa, kwamfuta guda tana iya kasa ɗaukar nauyinsu.

Mene ne maganin wannan?

Maganin shi ne tsarin rarraba kayan shafi, wanda a ke taƙaita sunansa CDN. Kamar babban sito ne da ke da ƙananan kantuna gari gari. Kwamfutar da ke riƙe da ainihin shafin ita ce tushe, waɗanda aka baza cikin biranen duniya kuwa bari mu kira su zango. In mutum na fari ya nemi wani hoto, zangon da ke kusa da shi ya kan ɗebo daga tushe, ya ba shi, ya ajiye kwafe. Duk wanda ya biyo baya sai a ba shi kwafen nan, ba sai an ƙetare teku ba. Kamfanin Akamai, wanda aka kafa a 1998, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a. Amazon ya buɗe nasa, mai suna CloudFront, a 2008, Cloudflare kuma ya fara aiki a 2010. Biyun nan na ƙarshe suna da zango a Ikko.

Yadda a ke kafa shi

Bari mu ɗauki CloudFront misali, gama sauran ma kusan haka su ke.

1. A gaya masa adireshin tushe, watau inda kayan shafin su ke. Shi kuma zai ba da sabon adireshi nasa.

2. A nemi takardar shaidar tsaro da sunan shafin, domin abin da ke wucewa tsakanin mai karatu da zango ya kasance a kulle. A CloudFront, daga reshen Bajiniya a ke neman takardar, ko ina tushen ya ke.

3. A je rajistar sunayen intanet, watau DNS, a juya sunan shafin ya fuskanci sabon adireshin. In ba a yi haka ba, jama'a za su ci gaba da zuwa tushe kai tsaye.

4. A yanka wa kowane irin kaya wa'adin zamansa a zango. In ba a faɗi kome ba, awa 24 ce bisa al'ada. Hoto da tambari, waɗanda ba su cika sakewa ba, suna iya yin shekara. Sanarwa kuwa kada ta wuce 'yan mintoci, don kada a riƙa karanta labarin jiya.

5. A rufe ƙofar tushe, ya zama zango ne kaɗai ke iya shiga.

6. A gwada. A buɗe hoto guda sau biyu, a duba bayanin da ke kan amsar. Karo na fari za a ga kalmar Miss, watau daga tushe aka ɗebo. Karo na biyu sai a ga Hit, watau aikin ya kama.

In an yi kuskure a wata sanarwa aka gyara, sai a ba da umurni a share tsohon kwafe daga dukan zanguna.

Gargaɗi

Ba kowane abu a ke ajiyewa a zango ba. Shafin da ke ɗauke da sirrin mutum, kamar sakamakonsa ko lissafin kuɗinsa, lalle daga tushe ya fito kowane lokaci. Ran 25 ga Disamba 2015 kuskure irin wannan ya auku a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, har aka riƙa nuna wa waɗansu shafukan da ke ɗauke da bayanin waɗansu, abin ya shafi mutum wajen 34,000.

Saboda haka, kafin a taɓa kome, sai shugaban ofis da ma'aikacin kwamfuta su zauna su raba kayan shafinsu kashi uku: wanda zai daɗe a zango, da wanda zai ɗan taɓa zama, da wanda ba zai kwana can ba ko kaɗan. Rigakafi ya fi magani.