Yadda Ake Ƙaura da Bayanan Kwamfuta Daga Tsohon Rumbu Zuwa SSD

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai kwamfutocin gwanjo muke amfani da su, kuma babban kukanmu a kansu shi ne rashin sauri. Sau da yawa laifin na rumbun ajiya ne, wato inda kundin bincike da hirarrakin da aka naɗo a fage suke zaune. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake sauya rumbun ba tare da an yi asarar wahalar shekara huɗu ba.

Bambancin Rumbunan Biyu

Tsohon rumbu, wanda ake kira HDD, kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a shekarar 1956. A cikinsa akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai zirga-zirga yana karanta abin da aka rubuta. Neman wurin da bayani yake shi ke cin lokaci, kuma idan kwamfuta ta faɗi tana cikin aiki, hannun kan karce faifan.

Shi kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Yana adana bayanai ne a ƙwayoyin lantarki irin na filashi, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Tsohon rumbu kan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA kan wuce 500, nau'in NVMe kuwa kan kai dubbai.

Hanyoyin Ƙaura

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a zuba sabuwar Windows a kan SSD sannan a kwaso fayiloli. Wannan tana da tsabta, sai dai dole a sake ɗora kowace manhaja, har da tsarin buga haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) wanda ɗalibin Hausa ba ya aiki sai da shi. Ta biyu ita ce kwafin ɗungum, inda ake juye komai daga tsohon rumbu zuwa sabo yadda yake. Ga matakanta:

1. A fara ajiye muhimman fayiloli a wani wuri dabam, filashi ko intanet. Rigakafi ya fi magani.

2. A duba irin gurbin da kwamfutar take da shi kafin a je kasuwa. Wasu na ɗaukar mai inci 2.5, wasu kuma siririn nan M.2.

3. A auna yawan bayanan da ke ciki. Wanda yake da gigabait 300 ba zai juye su a SSD mai 256 ba, sai ya rage kaya ko ya sayi mai 512.

4. A cika batir da caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana ɓata kwafin. Idan an kulle rumbun da BitLocker, a rubuta lambar buɗe shi a takarda.

5. A jona SSD da wayar USB, a buɗe manhajar kwafi, kamar Samsung Data Migration ga masu SSD ɗin Samsung, ko Acronis da ake bai wa masu Crucial. A nan fa ake bukatar natsuwa: manhajar za ta tambayi rumbun da za a ɗauko daga cikinsa da wanda za a zuba a cikinsa. Duk abin da ke cikin na biyun sharewa za a yi. Wanda ya juya su, ya shafe aikinsa da hannunsa.

6. Idan an gama, a kashe kwamfuta, a cire caja, a kwance sukurori, a musanya rumbunan, sannan a kunna.

Bayan Ƙaura

Hausawa na cewa ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Kada a goge tsohon rumbu sai an buɗe babi-babi na kundi da muryoyin da aka naɗa an tabbatar suna nan lafiya. Bayan haka ana iya sa shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya ta biyu. Wanda kuma zai sayar da shi, ya share shi sarai tukuna, don kada sirrinsa da na mutanen da ya yi hira da su ya faɗa hannun wani.

Kammalawa

Ya kamata mai karatu ya sani cewa SSD ma yana lalacewa. Tsohon rumbu kan yi ƙara ya yi gargaɗi, shi kuwa sau da yawa farat ɗaya yake mutuwa, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo. Saboda haka, duk ranar da aka ƙara shafi a kundi, a ajiye kwafinsa a wuri biyu.